Iznik ko Kutahya: ina mai son tayil ɗin Turkiyya zai nufa?

Hajiya, kin ce za ki Santambul saro kaya, kina son ki ware kwana ɗaya ki ga inda ake yin tayil ɗin nan mai furanni na masallatansu, sai wasu suka ce miki Iznik, wasu Kutahya. Na shiga garuruwan biyu, ga abin da na gani.

Aikin hannun kusan iri ɗaya ne. A zana fure a takarda, a bi layin da allura a huhhuda, a ɗora kan farin tayil a shafa garin gawayi, zanen ya fito ɗigo-ɗigo. Sai a bi shi da baƙin layi, a cike launuka, a rufe da ruwan gilashi, a kai tanderu. Kafin gashi launukan a dushe suke, wuta ce ke fito da su.

Bambancin yana cikin jikin tayil ɗin. Na Iznik na asali, wajen kashi 80 cikin 100 garin farin dutsen nan mai ƙyalli ne (quartz), yumɓu kaɗan. Shi ya sa farinsa ke haske kamar daga ciki yake fitowa, kuma shi ya sa yake da wuyar sarrafawa da tsada. Ganiyarsa ƙarni na 16 ne, lokacin da fadar Usmaniyya ke aiko da zane ana yi mata. Jan nan nasa mai kauri har tudu yake yi, idan kika shafa za ki ji shi a yatsa. Kafin ki bar Santambul ki shiga masallacin Rustem Pasha, wanda Sinan, babban maginin daular Usmaniyya, ya gina, kusa da kasuwar kayan ƙamshi. Ƙarami ne, amma ni ya fi shiga raina a kan masallacin Sultan Ahmed mai tayil sama da 20,000, don a nan bango yana dab da fuskarki. Sana'ar ta ja baya a ƙarni na 17 har ta mutu a Iznik, sai a 1993 aka kafa gidauniyar da ta farfaɗo da ita.

Kutahya kuwa ta ci gaba da aiki. A ƙarni na 18 masu sana'arta, da yawansu Armeniyawa, sun yi suna da ƙananan kofunan gahawa da launin rawaya. Daga can aka kai wasu Kudus a 1919 don gyaran tayil ɗin Ƙubbatus Sahra. Yau garin cike yake da shagunan tangaran, farantai da tuluna da kwanuka, yawanci na farin yumɓu, kuma farashin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Da yawan abin da ake sayarwa a babbar kasuwar Santambul da zanen Iznik aikin Kutahya ne, don haka ki tambayi mai shago kai tsaye da me aka yi jikin.

Tun da kwana ɗaya gare ki, Iznik nake ba ki shawara. Ki hau jirgin ruwa zuwa Yalova, daga nan mota kamar awa ɗaya, ki ga tsofaffin tanderun da aka tono a tsakiyar gari, ki dawo a ranar. Idan sari kike so, ki ƙara kwana ki bi ta Eskishehir zuwa Kutahya, kuma ki sa su naɗe miki kowane faranti daban kafin a zuba a kwali.