Ofishin neman gurbin karatu a titin Gidan Zoo: abin da na biya da abin da na samu

Ranar da sakamakon WAEC na 'yata ta biyu ya fito, cikin watan Agusta, gidanmu ya kwana biyu babu walwala. Ta samu A1 a lissafi, B2 a fiziks, B3 a Turanci, amma kemistiri ya zo da C5, bayoloji kuma C6, alhali tun tana aji huɗu na sakandare take maganar karanta ilimin kwamfuta a ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka ko Ingila. A JAMB ta ci 268 cikin 400. Sakamakon ba abin kunya ba ne, sai dai ba irinsa ake bugun ƙirji da shi ba a gaban jami'a kamar Harvard, wadda a 'yan shekarun nan ba ta ɗaukar ko da mutum 5 cikin kowane 100 da suka nema. Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini wani ofishi a saman bene a titin Gidan Zoo da ke Kano, inda ake taimaka wa ɗalibai neman gurbin karatu a ƙasashen waje. Mun yi hulɗa da su daga Satumba zuwa Maris, kuma ina ganin wata bakwai sun ishi mutum ya faɗi abin da ya gani.

Ofishin ɗaki biyu ne da falo, da kwamfuta huɗu da janareta mai ƙara a ƙasan matakala. Naira 25,000 na biya kuɗin zaman farko, kuma har yau ban yi da-na-sanin wannan kuɗin ba. Malamar da ta karɓe mu ta shimfiɗa takardar sakamakon a kan tebur, ta zagaye C5 da C6 da jan biro, sannan ta tambayi yarinyar abin da ya faru a makon waɗannan jarrabawowi biyu. Da ta ji cewa zazzaɓin taifod ne ya kwantar da ita, har sai da aka ƙara mata ruwa ana gobe za ta rubuta kemistiri, sai ta juyo gare ni ta ce, "Alhaji, gaskiya zan gaya maka: da likitanci take so, da na ce ta sake zama. Tunda kwamfuta ce, lissafin nan da fiziks su ne jarinmu." Ban ji ta yi alkawarin komai ba, kuma wannan ne ya sa na dawo.

A wannan zaman ta raba mana hanyoyin yadda kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Ingila, a cewarta, ƙasar maki ce: Oxford da Cambridge ba sa ɗaukar ɗalibi da WAEC kaɗai, sai ya zo da A-level, wato jarrabawar share fagen shiga jami'a ta Ingila, ko makamancinsa, kuma abin da suke nema ya fara ne daga A uku zuwa sama. Ana nema ta shafin UCAS, inda ɗalibi ke da zaɓi biyar, ba a haɗa Oxford da Cambridge a shekara ɗaya, kuma ranar 15 ga Oktoba ake rufe ƙofar waɗannan biyun. Da ta gama lissafin sai ta ce mu cire su daga rai a bana. Amurka kuwa tana duba ɗalibi gaba ɗayansa: sakamakonsa na aji huɗu zuwa shida, wasiƙun malamansa, abin da yake yi bayan an tashi daga makaranta, da maƙalar da zai rubuta a kan kansa. A nan ne C5 ɗaya ba ya kashe magana, muddin akwai abin da zai rinjaye shi a sikeli. Ta ba da shawarar a zauna jarrabawar SAT ta neman shiga jami'o'in Amurka, wadda ake ci bisa 1600, domin MIT ta dawo da wajabta ta tun 2022, Harvard da Yale da Dartmouth da Brown kuma suka koma neman sakamakon irin wannan jarrabawa a 2024. Ga yaron da ya fito daga makarantar da babu wanda ya san sunanta a can, maki mai kyau a SAT shi ne shaidar da ba ta buƙatar tafinta.

Inda ofishin ya fi cin kuɗinsa shi ne aikin maƙala. Shafin Common App, wanda akasarin waɗannan jami'o'i ke amfani da shi, ya ƙayyade kalmomi 650. Abin da 'yata ta fara rubutawa shi ne tana son ta ceto Najeriya daga koma-bayan fasaha. Malamar ta karanta har ƙarshe, ta ajiye takardar, ta ce irin wannan jimla dubbai ake aikawa kowace shekara daga Legas da Akara da Nairobi. Sai ta tambaye ta, "Ke da hannunki, me kika taɓa gyarawa?" Yarinyar ta yi shiru, can ta ce ita ce ke riƙe wa kakarta littafin adashi a Gwale, na mata goma sha takwas, kuma da rigima ta yi yawa kan wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba, sai ta mayar da lissafin cikin jadawali a waya, wanda ke nuna kwasar kowa da ranarta. Ni kaina, mahaifinta, ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani abu ba. Sau shida aka sake rubuta maƙalar a kan wannan adashi, kuma ban ga malamar ta rubuta mata ko jimla ɗaya ba. Tambaya kawai take yi a gefen takarda. Na ji ana cewa wasu ofisoshi suna rubuta wa yara gaba ɗaya, abin da ha'inci ne kuma yana iya jawo a soke gurbin bayan an bayar. Batun taifod ɗin ma ba a bar shi ya shiga maƙalar ba. An ajiye shi a ɗan sashen ƙarin bayani, cikin jimla uku, domin kamar yadda malamar ta faɗa, bayani ake so ba kuka ba.

Sun kuma taimaka wajen wasiƙun makaranta, wanda nan ne yawancin yaranmu ke faɗuwa ba tare da sun sani ba. Wasiƙar farko da aka ba mu daga makarantar layi uku ce, tana cewa yarinyar mai ladabi ce da biyayya. Wani matashi daga ofishin ya bi mu har wajen malamin lissafinta, ya yi masa bayanin cewa abin da ake so shi ne ya faɗi abin da ya gani da idonsa a aji, da matsayinta a cikin 'yan ajinsu, sannan ya nuna masa yadda zai ɗora wasiƙar da kansa ta intanet.

To, daga nan yabon ya ƙare. Bayan zaman farko sun shawo kaina na biya naira 350,000 na abin da suke kira cikakken tsari, kuma rabin abin da ke cikinsa bai yi amfani ba. Su ne suka ɗauki nauyin yi mata rajistar SAT ta watan Oktoba, suka yi ta cewa gobe, jibi, har wa'adin ya wuce. Sai ta Disamba ta zauna, inda ta ci 1450, wanda maki ne mai kyau ko da yake yawancin waɗanda manyan jami'o'in ke ɗauka suna haura 1500. Saboda wannan sakaci ta rasa zagayen farko na neman gurbi da ake rufewa ranar 1 ga Nuwamba, kuma ba ta da damar sake zama kafin zagaye na biyu na farkon Janairu. Da na yi magana, haƙuri aka ba ni, ba a mayar mini da ko kwabo ba.

Abu na biyu ya fi ɓata mini rai. Tun daga watan Oktoba mai ofishin ya fara jan hankalina zuwa wasu kwalejoji a Ingila da ke yin karatun share fage na shekara ɗaya, inda suke karɓar WAEC mai kiredit biyar ba tare da wata wahala ba. Hanyar halastacciya ce, kuma da yawa sun bi ta sun shiga jami'o'i masu kyau, amma kuɗin makarantar kaɗai ya haura fam 15,000, ban da masauki da abinci. Sai da na tambaye shi kai tsaye ko akwai la'adar da yake samu a kan kowane ɗalibi, ya yi murmushi ya ce akwai. Ban ga laifin la'ada ba, dillalin Kantin Kwari ma yana karɓa, amma shi kowa ya san dillali ne. Mai ba da shawara da na biya kuɗi ya kamata ya faɗa mini tun kafin in tambaya.

Na uku, sanin su a kan tallafin karatu bai kai sanin su a kan maƙala ba. Malamar ta san cewa Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst da Dartmouth suna cikin 'yan ƙalilan da ba sa duba aljihun ɗalibin waje kafin su ɗauke shi, kuma ta gargaɗe mu cewa a mafi yawan sauran, neman tallafi mai yawa yana rage damar shiga, ballantana ga mai C5. Amma da aka zo cike fom ɗin CSS Profile, inda ake bayyana samun iyaye da kadarorinsu, yaron da aka haɗa ni da shi bai san yadda za a rubuta mutumin da ke ciyar da gida mai mutum goma sha ɗaya da albashin gwamnati da ɗan abin da gona ke kawowa ba. Sau biyu muka gyara. Babu kuma wanda ya ambata mana EducationUSA, da ke ba da irin wannan shawara a Abuja da Legas ƙarƙashin ofishin jakadancin Amurka, ko tallafin gidauniyar Mastercard a jami'o'i irin su Ashesi ta Ghana. A bakin wata ƙanwata na ji su.

Hanyar gida ma ba su kula da ita ba, ina jin don babu riba a ciki. Ni na riƙa bibiyar shafin CAPS na JAMB, inda ake duba ko an ba ɗalibi gurbi, da tantancewar Jami'ar Bayero, domin wanda ya bar na hannu ya bi na daji ya san abin da zai tarar.

A ƙarshen Maris amsoshi suka zo. Cikin jami'o'i tara, shida sun ce a'a, har da manyan ukun da ta fi so. Ɗaya ta sa ta a layin jira, biyu kuma ƙanana suka ɗauke ta, ɗayarsu da tallafin da ya rufe kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin. Ragowar kashi ɗayan ya fi albashina na shekara uku, saboda haka yanzu tana aji ɗaya a Bayero, kuma ta ce za ta sake gwadawa a digiri na biyu, inda sakamakon jami'a zai binne na WAEC.

Wanda ɗansa ya zo da B da C kuma idonsa na kan manyan jami'o'i, ina ba shi shawara ya biya kuɗin zaman farko da na maƙala kawai, ya nemi a haɗa shi da malamar ba mai ofishin ba, ya yi rajistar SAT da hannunsa, kuma ya fara tun yaron yana aji biyar maimakon jiran sakamako kamar yadda na yi. Ya tafi da takardun sakamakon aji huɗu zuwa shida tun ranar farko, domin karɓo su daga makaranta kaɗai ya ci mana mako uku. Masu ofishin suna buɗewa daga ƙarfe tara zuwa biyar, ranar Juma'a kuma suna tashi ƙarfe sha biyu, ba sa dawowa bayan masallaci.