Garejin da ya dawo mini da Fijon mahaifina ɗauke da injin da ba nata ba

Na jinkirta rubuta wannan sharhi ne domin in huce tukuna, kada fushi ya sa in ɗora wa mutum abin da bai yi ba, amma ga shi an shafe watanni da karɓo motar kuma har yau raina bai kwanta ba. Motar Peugeot 504 ce ƙirar 1982, fara, wadda marigayi mahaifina ya saya sabuwa fil lokacin da yake aikin gwamnati a Kaduna, kuma a can aka haɗa ta, a masana'antar PAN da ke Kakuri wadda ta fara aiki a 1975. Bayan rasuwarsa ta yi shekara shida a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Kubwa, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe ta, har na ƙudura cewa zan tayar da ita in ɗauki mahaifiyata a ciki ranar bikin ƙanwata.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini garejin, a wajajen Apo, kuma hotunan da mai wurin ya nuna mini na tsofaffin Mercedes da Volkswagen ƙirar kunkuru da ya ce shi ya farfaɗo da su sun burge ni ƙwarai. Muka yi ciniki a kan wata uku, na tura masa rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami a watan Afrilun 2023, ba tare da mun rubuta komai ba, domin a lokacin gani nake neman takarda daga mutumin da ya tarbe ni da fara'a haka rashin kunya ne. Wata ukun nan sai da ya zama goma sha ɗaya. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, sannan aka saki darajar naira a watan Yuni, sai ya samu abin fakewa: duk lokacin da na kira, dala ta tashi, kayan da ya yi oda daga Legas sun ƙara kuɗi, sai na ƙara wani abu. Na ƙara har sau uku. Biki ya zo ya wuce, mahaifiyata ta tafi a motar maƙwabci.

Duk da haka, adalci ya sa in faɗi cewa ranar da na je karɓa na yi murna. Fentin yana ɗaukar ido, an yi wa kujeru sabuwar riga mai kyau, motar ta tashi da murɗa makulli ɗaya, har na yi wa yaran garejin kyauta. Da a ranar na rubuta wannan sharhi, da na ce aikinsu yana da kyau, jan lokaci ne kawai aibinsu.

Bayan sati biyu na kama hanyar Kaduna da ita, kuma tun kafin in kai Tafa na ga allurar zafi tana hawa, ga wani ƙara daga gaba wanda ban san motar da shi ba. Da na lallaɓa na isa, sai na kai ta wurin wani dattijon bakanike da ya yi wa mahaifina gyaranta fiye da shekara ashirin, wanda mu duka muke kira Baba. Ya ɗaga murfin inji ya tsaya shiru yana kallo, har na ɗauka tunanin marigayi ne ya taso masa. Can sai ya sa yaronsa ya kawo tsumma da ɗan fetur, ya goge gefen injin inda ake buga lamba, ya ce in miƙo masa takardun mota. Ya duba takarda, ya duba ƙarfe, ya sake duba takarda, sannan ya ce, “Ɗana, wannan ba injin Malam ba ne.” Ya nuna mini wani gurbin noti da ya ce shi da hannunsa ya sake yanka masa haƙora shekaru da yawa da suka wuce, ya sa masa noti mafi kauri, amma a wannan injin gurbin lafiyayye ne, ba a taɓa taɓa shi ba. Kafiretar Solex ta asali babu ita, an sa wata mai araha. Lagireton tagulla ma an ɗauke, an maye shi da wani ƙarami wanda ba zai iya sanyaya injin a doguwar tafiya ba, kuma shi ne dalilin zafin. A ganin Baba, injin da aka dasa mini daga motar haya aka ciro shi, irin dogayen Fijon nan da suka ƙare rayuwarsu suna jigila tsakanin tashoshi, alhali na mahaifina bai taɓa ɗaukar fasinjan kuɗi ba.

Da na koma garejin da takardun a hannuna, mai wurin ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi, “Haba Yallaɓai, motar da ta haura shekara arba'in, wa zai rantse cewa Alhaji bai taɓa canza mata inji ba?” Ya san sarai cewa mutum ɗaya da zai iya ƙaryata shi kai tsaye yana kabari, kuma wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo.

Daga nan na fara sanin yadda hannun mai irin wannan mota yake a ɗaure. A ofishin 'yan sanda an saurare mu duka biyu, aka ce tunda ciniki ne ya haɗa mu kuma ni na kai motar da kaina, maganar ta fi kama da saɓanin yarjejeniya, don haka mu je mu sasanta ko mu tafi kotu. Na fito ina huci, amma lauyan da na gani daga baya ya bayyana mini cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, a sashe na 8, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Ya ce cire injin da aka ba mutum amana laifi ne na cin amana a ƙarƙashin sashe na 311 da 312 na dokar Penal Code da ake aiki da ita a Abuja, sai dai dole a tabbatar da cewa injin asalin yana jikin motar ranar da ta shiga garejin. Ni kuwa ban ɗauki hoton lambar ba, ban sa an rubuta jerin kayan da ke jikinta ba, rasit ma ba ni da shi in ban da shaidar tura kuɗi, wadda ta shiga asusun mutumin na kansa, domin da lauyan ya bincika bai ga rajistar sunan da ke kan allon garejin ba. Ya ambaci hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, ya ce ina iya shigar da koke, amma ko'ina na je tambayar farko ita ce hujja.

Abin da ya ƙarasa kashe mini jiki shi ne lissafin da ya yi mini a bayan wata takarda. Ko na yi nasara a ƙarar neman diyya, abin da kotu za ta duba shi ne farashin tsohon injin 504 a kasuwa, irin wanda ake samu a Panteka, kuma wannan kuɗin ba zai kai abin da zan kashe wajen lauya da zirga-zirgar zaman kotu ba. Darajar injin a wurina ita ce lambarsa ta dace da takardar da mahaifina ya karɓa a 1982, wannan kuwa babu ma'aunin da alƙali zai auna ta da shi. Ina kyautata zaton mai garejin ya riga ni yin wannan lissafi tun ranar da ya ga motar.

Yanzu ko yabon da na yi wa fentin sai in janye shi. Da damina ta sauka, ƙasan ƙofar baya ya fara kumbura, kuma da Baba ya ɗora maganaɗisu a wurin sai ya zame ya faɗi ƙasa, alamar ba ƙarfe aka yanka aka yi wa walda ba kamar yadda na biya, ƙullun cike rami aka lafta a kan tsatsa aka fesa fenti. Tambarin zakin da ke gaba ma na roba ne, na asalin ya bi injin. Wani yaron garejin ya raɗa mini cewa an sayar da kayan ga wani mai irin motata tun wata na biyu, amma da na roƙe shi ya maimaita a gaban lauya sai ya ce, “Alhaji, ka rufa mini asiri, ban gama koyon aiki ba.” Ban matsa masa ba.

Lauyan ya aika wa mai garejin takardar neman a dawo da kayan cikin kwana goma sha huɗu, kuma har yau babu amsa. Motar tana nan a rumfarta ta dā. Ranar Juma'ar da ta wuce na tayar da ita domin batir, mahaifiyata ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare, sannan ta ce in kashe, wannan ba muryarta ba ce.