Na'urar Ƙara Damshi a Ɗaki: Yadda Na Same Ta da Hunturu

Na sayi wannan na'ura a farkon hunturu, lokacin da bushewar iska ta fara jawo wa yara haɓo da tsagewar leɓe. Tana ɗaukar ruwa lita 4, kuma idan an rage ƙarfinta takan kai asuba, muddin ba a ɗauke wuta ba.

Farin abin da take fesowa, wanda mai shago ya kira tururi, ba tururi ba ne, domin ido ba ya ganin ruwan da ya riga ya zama iska, shi ya sa ba a ganin komai daidai bakin butar da ke tafasa. Wani ɗan faranti ne a gindin tankin yake karkarwa fiye da sau miliyan 1 a daƙiƙa, yana farfasa ruwan zuwa mitsi-mitsin ɗigo masu warwatsa haske, irin waɗanda ke taruwa su zama girgije. Da zarar sun ɗan yi nisa, sai busasshiyar iska ta shanye su.

Aibinta shi ne ruwan rijiyar burtsatse yakan bar farar ƙura a kan tebur da talabijin, saboda gishirin da ke cikinsa yana fita tare da ɗigon.