Gargaɗi ga masu haɗa kwamfutar tebur: ku kula da mai sayar da fawa saflai na "wat 1000" a WhatsApp

Salam jama'a. Wallahi na daɗe ina juya maganar nan ko in rubuta ko in bari, saboda kunya ce ma mutum ya ce an yi masa irin wannan, amma jiya na ga mutumin ya sake ɗora kayan a sitatus da sabuwar lamba, na ce a'a, shirun ya isa.

Ni aikina editin bidiyon biki da zanen fosta, na shekara biyu ina fama da tsohuwar laftof, sai na ce bari in tara in haɗa ta tebur da kaina. Na sayi furosesa Ryzen 5 5600, katin gurafik RTX 3060 na hannu mai kyau, ram guda biyu, SSD ɗaya na ajiyar fayiloli, madabod (babban allon da ake jona komai a kai), komai ya kammala saura fawa saflai, wato PSU, akwatin nan mai fanka da ke karɓar wutar Nepa ya raba wa kayan ciki (ba fawar mahauta ba don Allah, ƙanena har yau dariya yake min). To a lokacin aljihu ya riga ya yi sanyi, kuma nan ne shaiɗan ya shigo.

Wani a guruf ya turo min lambar mutumin. Na yi masa magana, bakinsa kamar zuma, "babban yaya, wane kati ka saka?" na ce 3060. Ya ce kai yallaɓai ai wannan katin cin wuta gare shi kamar hita, in ka saka ƙasa da wat 850 ƙonewa zai yi, amma kada ka damu ina da na wat 1000, 80 Plus Gold, sabo fil a kwali, dubu 28 zan bar maka don kai ne. A lokacin na riga na tambaya a shaguna, na wat 550 na kamfanin kirki ya ninka wannan kuɗin har da ɗoriya. Maimakon in tsaya in tambayi kaina ya aka yi wat 1000 ya fi wat 550 araha, sai na ji kamar na tsinci dami a kala. Na yi turansifa, ya sako min a motar haya na je tasha na karɓa.

Kwalin kam ba laifi, yana sheƙi, an rubuta 1000W da manyan baƙaƙe da hoton wani dodo. Da na ɗaga akwatin na ji nauyi, na ce alhamdulillah, don an ce mai kyau nauyi gare shi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne babu wayar ba katin gurafik wuta mai fin 8, wato mai tsinke takwas a bakinta, na kira shi ya ce ai na saka maka adafta a ciki kyauta, ka jona da wayar SATA (wadda ake ba irin su SSD wuta da ita). Na jona.

Kwana huɗu lafiya lau, saboda burawuza kawai nake buɗewa da ƴan ƙananan abubuwa. Ranar da na saka bidiyon wani biki yana renda, wato kwamfuta tana fitar da kammalallen bidiyon, ko minti goma ba a yi ba kwamfutar ta mutu ɗif ta sake tashi da kanta. Na ce Nepa ce. Na sake sakawa, sai na ji "fat!" daga bayan akwatin, ƙauri ya cika ɗakin irin na roba in ta ƙone, da gudu na zare fulogi. Wayar adaftar ta narke ta manne, baƙi ƙirin, har yanzu tana cikin durowa na ajiye.

Washegari na kinkimi kwamfutar a Keke Napep zuwa wajen wani dattijo mai gyara da ya daɗe a harkar. Bai ma buɗe komai ba, ya juya fawa saflai ɗin ya saka tabarau ya nuna min sitikar gefe da farce, ya ce ɗana karanta min nan. Wajen da aka rubuta +12V (bolt 12), ƙarƙashinsa 18A (amfiya 18). Ya ce to buga a wayarka, 12 sau 18. Na buga, 216. Ya ce wannan shi ne ƙarfinsa in ma sitikar ba ƙarya take ba, wat 216, sauran duk ado ne.

Nan ya zaunar da ni ya yi min lissafin da ya kamata in yi tun kafin in fitar da ko sisi, kuma shi nake so ku riƙe. Wat dai bolt ne sau amfiya, shi ke nan. Kuma a kwamfutar zamanin nan furosesa da katin gurafik, waɗanda su ne manyan masu cin wuta, duk daga layin 12V suke sha, layin 5V da 3.3V ƙananan abubuwa ne ke amfani da su. Don haka fawa saflai na gaske in an ce wat 550 ne za ka ga layin 12V ɗinsa kusan 45A ne, wato kusan duka ƙarfin yana can. Na jabu kuwa sai su tattara duk layukan su haɗa, su ƙara abin da suke kira "peak" wanda ba ya iya riƙewa ko na ɗan lokaci, wasu ma ba sa wahalar da kansu, lamba kawai suke bugawa.

Nawa lissafin ga shi. RTX 3060 wat 170 yake ci in yana aiki sosai. Ryzen 5 5600 an rubuta masa 65 amma yana kaiwa wajen 76. Madabod da ram da SSD da fankoki ka ba su 50 zuwa 60 gaba ɗaya. In ka haɗa, wajen wat 300 ke nan. Sai ka ƙara sarari a kai, saboda katin gurafik yakan yi fizgar wuta na ƙiftawar ido sama da abin da aka rubuta, ga zafin garinmu, ga kuma ba a son na'ura ta riƙa aiki a maƙura kullum. Shi ya sa Nvidia, masu RTX ɗin, da kansu wat 550 suka ce a saka wa 3060. Ba 850 ba, ba 1000 ba. Ko RTX 3070 mai cin 220 wat 650 suka ce, kai RTX 4090 ma da ke cin 450 shi kaɗai, 850 aka rubuta masa. Kun ga ƙaryar farko tun a nan take, mai sayarwar ya tsorata ni da babbar lamba don in raina na 550 na gaske in ruga wajen nasa. Furosesa da kati kaɗai nawa 246 suke nema, shi kuma 216 gare shi, ina za a je.

Ita kuma adaftar da ya ce kyauta ce, ita ta fi ba dattijon haushi. Ya ce soket ɗin madabod yana ba kati wat 75, fin 6 yana ba da 75, fin 8 yana ba da 150, amma kan SATA wat 54 kawai aka yi shi ya ɗauka a layin 12V, to ka ɗora masa kayan da ya kusa ninka wannan sau biyu, ba dole ya narke ba. Duk fawa saflai da aka ce maka wat 1000 ne amma ba shi da wayar fin 8 ko ɗaya tasa ta kansa, ka ajiye masa kayansa.

Sai maganar nauyi. Dattijon ya kwance shi a gabana (ku kada ku gwada a gida don Allah, kafasitocin ciki suna riƙe wuta ko an zare fulogi), sai ga wani guntun ƙarfe an like shi da gam a gefe, ba a jona shi da komai ba, aikinsa kawai ya sa hannunka ya ji nauyi. Wayoyin kuwa in ka fere robar, zaren ciki siriri kamar gashi. Tambarin 80 Plus ɗin ma bugawa suka yi kawai, don na gaske akwai jerin sunayensu a shafin masu ba da shaidar, ka saka lambar model ka gani, na nemi nawa sama da ƙasa babu. Kuma shi 80 Plus ba ƙarfi yake nufi ba, yana nufin aƙalla kashi 80 na wutar da ya ja daga bango tana isa kayan ciki, sauran ta tafi a zafi.

Af, mai sayarwar har UPS (na'urar batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) ya so ya haɗa min, wai "wat 650". Allah ya taimake ni kuɗi sun ƙare. 650VA ne aka rubuta, kuma VA ba wat ba ne, irin waɗannan ƙananan wajen wat 360 zuwa 390 suke ɗauka. Kwamfutata in tana cin 300 a ciki to daga bango tana jan kusan 350, ka ƙara monita a kai, ana ɗauke wuta sai dai ya yi ƙara ya mutu tare da ita.

Da na kira mutumin da farko cewa ya yi ai wutar unguwarku ce ba kyau, na ce akwai sitabilaiza, ya ce to janareta ne, na tura masa hoton ƙarfen da aka like, ya karanta ya yi shiru, bayan awa ɗaya hotonsa ya ɓace, ya yi min bulok. Ba risit, ba waranti, ba shago, sunan asusun da na tura wa kuɗi ma daban yake da sunan da ya gaya min. Na kai ƙorafi banki da hotunan hirarmu, ana dai ta bi.

Katin ya tsira da ikon Allah, amma madabod ta tafi, sai da na sayi wata, na kuma sayi na wat 550 na gaske a shago, na karanta 12V ɗinsa a gaban mai shagon kafin in biya, 45A. Bidiyon bikin kuwa sai da na ba uwar amarya haƙuri har sau uku.

Alamominsa in kun ci karo da shi: kwali baƙi mai hoton dodo, yana fara tambayarka wane kati ka saka, ba ya yarda ka zo ka gani sai dai ya aiko ta tasha, kuma kowa "babban yaya" ne a wajensa. A sitatus ɗin jiya na ga ya ƙara girma, yanzu wat 1200 yake tallatawa, dubu 30.