Akwatin burbushin Mucrospirifer na koyarwa: samfura masu kyau, kati mai kuskure

Akwatin na ɗauke da burbushin Mucrospirifer mucronatus (ɓawonta da ya daɗe a cikin dutse) guda goma, da ɗaya da aka yanka aka goge, da gilashin ƙara girma mai ninki 10, sai katin bayani. Halittar teku ce mai ɓawo biyu da ta rayu a tsakiyar zamanin Debon, kimanin shekara miliyan 385 da suka wuce, kuma an fi tono ta a lakar da ta zama dutse a jihar New York ta Amurka da lardin Ontario na Kanada.

Katin ne abin da ya fara ɓata rai, domin ya kira ta dangin makankari. Ba haka ba ne. A tsarin rarraba halittu, rukuninta Brachiopoda, ajinta Rhynchonellata, odarta Spiriferida, iyalinta Mucrospiriferidae. Masanin burbushi Conrad ne ya fara bayyana nau'in a 1841, wani masanin, Grabau, ya kafa jinsin a 1931. Samfurin da kansa yana ƙaryata katin. Ɓawon makankari biyu kusan iri ɗaya ne, na dama da na hagu. A nan ɓawo ɗaya ya fi ɗaya girma, amma ka ja layi ta tsakiyar kowanne, za ka ga gefen dama ya yi daidai da na hagu. Malami ya gyara katin kafin ɗalibi ya haddace shi.

Ta fuskar siffar waje kuwa, akwatin ya biya buƙata. Faɗin samfuran santimita 2 zuwa 4 ne. Layin mahaɗar ɓawon miƙe yake, ya zarce gefe biyu kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Ɓawon baya, ƙaramin, yana da doro a tsakiya. Ɗaya ɓawon, babban, yana da kwari da ya dace da doron. Kunyoyi sun fito daga baki, wato ɗan tsinin da ke tsakiyar layin mahaɗa, sun bazu zuwa gefe, layukan girma na ratsa su. Juya babban ɓawon ka sa gilashi ƙarƙashin bakinsa: akwai fili shafaffe, da kafa mai kusurwa uku a tsakiyarsa, mafitar igiyar naman da irin waɗannan halittu ke kama ƙasa da ita. A samfura shida kafar a bayyane take, a sauran laka ta toshe ta.

Yankakken samfurin shi ne zuciyar akwatin. A fuskarsa da aka goge ana ganin ɗigo-ɗigo fari a jere gida biyu. Waɗannan su ne yankan murɗaɗɗun tallafi biyu da ke riƙe gaɓar tace abinci, kuma daga gare su odar ta samo sunanta. Ɗiga masa ruwa kaɗan, fararen ɗigo-ɗigon za su ƙara fitowa.

Shiryawar ba ta yi ba. An zuba samfuran a jaka ɗaya ba auduga, ƙarshen fukafukai huɗu suka karye, alhali tsinin nan yana cikin alamun gane nau'in. Wajen tsaftacewa, buroshin haƙori mai laushi da ruwa zalla sun isa, sai allura don kafar da ta toshe. Kada binega ta taɓa su, don ɓawon kalsait ne, ma'adinin da ke cikin dutsen alli, tsami na narkar da shi. Samfura biyu na da ƙyallin fairait, wani ma'adinin ƙarfe mai ruwan zinariya. Danshi na ruɓar da shi ya koma farin gari, saboda haka a ware su cikin gwangwani mai murfi tare da ƙullin shan danshi.