Copernicus Marine: na kawo wa 'yan ajina teku a cikin kwamfuta

"Malam, kai ka taɓa ganin teku?" Wata yarinya 'yar aji biyar ce ta jefo min tambayar muna tsakiyar darasin igiyoyin ruwa. Aji ya yi tsit. Gaskiyar magana sau ɗaya na gan shi, Bahar Maliya, ta tagar jirgi za mu sauka Jidda, kuma rabin hankalina yana kan addu'a. Su kuwa babban ruwan da suka sani shi ne madatsar Tiga, wasu ma iyakarsu kududdufin unguwa. Shekara 14 ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a cikin birnin Kano, ina zana kibiyoyi a allo suna kwafa, ni da su duk ji muke yi.

Wani tsohon ɗalibina da ke jami'a ne ya nuna min Copernicus Marine, zango biyu ke nan ina aiki da shi. Tsari ne na Tarayyar Turai, wata cibiya mai suna Mercator Ocean International da ke birnin Tulus a Faransa ke gudanar da shi tun 2015. Aikinsa tattara bayanan tekunan duniya ya baje wa kowa kyauta. Da ya ce kyauta sai na yi murmushi, don na san banza ba ta kai zomo kasuwa. Na jira inda za a nemi lambar katin banki, har yau shiru. Kallon taswirar da suke kira MyOcean ba ya bukatar ko rajista, sai in za ka sauke bayanai ne za ka yi, ita ma ba ko sisi.

Sun kasa kayansu kashi uku da launi. Shuɗi na zafin ruwa, gishirinsa, tsayinsa da igiyoyi. Kore na ƙananan tsirran da kifi ke ci. Fari na ƙanƙara, wanda ban taɓa buɗewa ba, me ya haɗa Bakano da shi in ba a cikin zoɓo ba. Akwai layin kwanan wata a ƙasa da za ka ja baya ko gaba, har hasashen kwana 10.

Ranar da ya burge ni ita ce ranar da na ɗora kwamfutata a kan teburin gaba, na haɗa ta da intanet ɗin waya, ina kiran yara goma-goma saboda mun haura 70. Na nuna musu Mashigin Gini, wato tekun da ke kudu da Najeriya, a watan Afrilu, ruwan jajawur, zafinsa wajen digiri 29. Na ja layin zuwa Agusta. Sai ga wani dogon harshe na ruwan sanyi ya miƙo kan layin tsakiyar duniya, ya sauko digiri 24 zuwa 25, gaɓar Gana da Kwaddibuwa ita ma ta huce. Na ce musu a lokacin da teku ke sanyi haka, ƙasar hamada tana tafasa, kuma bambancin nan ne ke ƙara wa iskar kudu maso yamma ƙarfi ta ɗauko laima ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 har ta iso kanmu.

Wani yaro da mahaifinsa ke noma a wajen Bichi ya ɗaga hannu. "Malam, a gafarce ni, ai hadarin Kano daga gabas yake tasowa." Na ji daɗin wannan gardama. Na ce ɗana, gaskiyarka, hadarin ta gabas yake zuwa, amma ruwan da yake zubarwa ba nasa ba ne, laimar da iskar teku ta riga ta shimfiɗa a ƙasa-ƙasa yake tarawa. Kamar ɗan dako ne, kaya na wani. Daga nan muka gangara kan farin 1973 da na 1984 da kakanninsu ke ba da labari, wanda masana suka danganta da sauyin zafin tekuna. Ban taɓa samun aji ya ƙi fita tara ba sai ranar.

Inda bayanan ke fitowa ma darasi ne. Akwai taurarin ɗan'adam, irin su Sentinel-3A da aka harba a 2016, da Sentinel-6 na 2020 mai auna tsayin ruwa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na'urorin Argo, wajen 4,000 suna yawo a tekunan duniya ba direba. Kowace takan nutse har mita 2,000, ta taso tana auna zafi da gishiri, ta leƙo sama duk kwana 10 ta aika rahoto, ta koma. Ƙasashe da yawa ne suka zuba su, kuma yarjejeniyar ita ce abin da aka samu na kowa ne. A Atilantika kuma akwai tulunan awo na PIRATA da Faransa, Birazil da Amurka suka kafa tun 1997, wasu a cikin Mashigin Gini. Yarinyar nan ta ce, to Malam wa ke gadinsu? Ban da amsa mai gamsarwa.

Sai dai a san iyakarsa. Taswirar duniya da nake amfani da ita tana yanka teku gida-gida, kowane gida wajen kilomita 8. A tsakiyar ruwa ba komai. A gaɓa kuwa, garin Ayetoro na Jihar Ondo, wanda teku ke cinyewa gida bayan gida, zai shige cikin gida ɗaya na taswirar har da sauran wuri. Za ka ga cewa tsayin tekun duniya ya ƙaru da kusan santimita 10 tun 1993, amma ba za ka ga katangar wa ta faɗi bara ba. Wannan sai ma'auni a bakin ruwa da mutum a tsaye, irin aikin cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, da ke Legas tun 1975. Gaɓarmu kilomita 853 ce, kuma da zan so wata rana in danna in ga awon gida kusa da na tauraro.

Sauran wahalar ta gefena ce. Taswirar tana shan data, ranar farko kafin rukuni na huɗu ya zo gigabait ɗina ya yi nisa. Layin da nake amfani da shi yakan ɗauke daidai lokacin da hoton ya kusa cika, a bar mu da rabin Afirka. Wuta kuma kun san hali, sai da na sayi batirin caji a Farm Centre. Yanzu da dare nake ɗaukar hotunan fuskar kwamfuta in ajiye. Da Turanci nake karanta shi, kuma Turancin masana ne, sai na zauna na tauna kafin in ba yara. Fayil ɗin farko da na sauke nau'in NetCDF ne, Excel ya ƙi buɗe shi, sai da tsohon ɗalibin nan ya zo ya zauna da ni bayan la'asar. Malami ko ɗalibin jami'a, ina ba shi shawara ya gwada. Mai neman sanin ko za a yi ruwa gobe a Kurna, ba nan zai samu ba.

Tun farkon damina muka zaɓi wuri ɗaya a kudu da Legas, duk Juma'a da safe yarinyar nan take karanta zafin ruwansa ta rubuta a littafi. A shafin da ke kallonsa yaron Bichi yake rubuta ruwan da ya taru a gorar da muka yanke muka kafa bayan ɗakin malamai. Shafinta bai taɓa tsallake mako ba. Nasa akwai giɓin mako biyu, akuyar maigadi ta ture gorar.