Rolex ɗin gado: a ba dillali a Dole ko a kai shi Kano?

Wani ƙanenmu a zauren nan ya rubuto cewa: "Mahaifinmu ya rasu ya bar agogon Rolex Datejust mai ƙarfe da zinariya, magada sun ce a sayar a raba. In ba dillali a nan kasuwar Dole ta Damagaram, ko in kai shi Kano da kaina?"

Ƙanena, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya ba ku haƙuri da haɗin kai. Ka kai shi Kano da ƙafarka. Zuwa da kai ya fi aike, kuma ni ba labari aka ba ni ba, na taɓa riƙe irin agogon nan a hannuna ina juyayin da kake yi yanzu.

Na mahaifinmu ma Datejust ne mai ƙarfe da zinariya, a Jidda ya saye shi shekarar da ya sauke farali, 1983. Da aka zauna rabo ba wanda zai iya biyan sauran magada ya riƙe shi, sai aka ɗora mini sayarwa, da yake ni ne babba a maza. Na fara da abin da ya fi sauƙi, na ba wani dillali. Sati 3 agogon na hannunsa. Da ya dawo ya ce tayi mafi tsoka jikka 600 na sefa, wato dubu 600, wai masu kuɗi sun duba sun ce gilashin na roba ne, Rolex na gaske kuwa ba ya zuwa da roba. Na ce albarka, na karɓi abina. Sai da na koma gida na lura sarƙar ta ragu, gaɓa 2 babu. Ban ƙirga ba kafin in miƙa, saboda haka ba ni da bakin magana, kuma har yau ban san a hannun wa suka salwanta ba. Abin na ci mini rai duk sanda na tuna, domin akwai ƙannena marayu ƙanana a cikin magadan.

Kawuna ne ya ce in shirya mu tafi Kano. Watan Maris ne na 2022. Muka yi asubanci, ta Matamaye muka ƙetara iyaka, sai Daura, sai Kazaure, kafin azahar muna cikin gari. Duka tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka. Kuma bai fara kai ni wurin mai saye ba. Wurin wani dattijo mai gyaran agogo ya kai ni, can wajen Sabon Gari, wanda suka san juna tun suna samari. Shagon ɗan ƙarami ne, mutum 3 in sun zauna ya cika. Dattijon ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi, ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya ce in matso kusa, ba zai taɓa komai ba sai ina kallo.

Ya cire sarƙar, ya nuna mini lambobin da ban taɓa sanin suna nan ba duk shekarun da na yi ina ganin agogon a hannun Baba. A tsakanin ƙahonni biyu masu riƙe sarƙa a saman 12 akwai lambar samfuri, namu 16013. A ƙasan 6 kuma akwai lambar agogon kansa, wadda ba ya tarayya da wani a cikinta. Da na gaya masa maganar gilashin roba sai ya girgiza kai ya ce, "Yaro, wannan samfurin da roba aka ƙera shi. Gilashin nan mai tauri sai a wanda ya biyo bayansa, 16233, wajen 1988. Da shi na gani a kan wannan, da shi ne zai sa ni shakka." Ka ga ke nan abin da aka karya mini kuɗi da shi a gida, shi ne ɗaya daga cikin shaidun cewa agogon gangariya ne.

Daga nan ya ɗauko mabuɗi na musamman mai haƙora wanda ya dace da murfin baya, ya warware shi a hankali. Ya nuna mini lambar injin, 3035, da wasu ƙananan ƙafafu jajaye da ake gani a injin Rolex. Ya kara shi a kunne, ya daɗe yana saurare. Sannan ya ce mini, "Mahaifinka ya iya riƙon kaya, ruwa bai taɓa shiga nan ba." Wallahi a wurin nan hawaye ya zo mini, don na tuna yadda Baba ke cire shi ya sa a aljihun gaba duk lokacin da zai yi alwala. Kuɗin dubawa kaɗai dattijon ya karɓa. Da na yi masa maganar la'ada ya ce shi ba dillali ba ne, in ya ci daga cinikin to maganarsa a kan agogon ba ta da sauran daraja.

Shi ya kwatanta mana ƴan kasuwa 3 masu sayen irin wannan kaya. Kowa a gabana ya duba, agogon bai bar idona ba ko na minti ɗaya. Na farko ya taya abin da ya yi daidai da sefa miliyan 1 da rabi. Na uku muka daidaita a miliyan 2 da jikka 100, kuma ya faɗa mini ƙarara cewa da gaɓoɓin nan 2 na nan da ya ƙara. Ka auna wannan da jikka 600.

Ba wai Damagaram babu masu kuɗi ba ne, akwai su. Matsalar ita ce masu neman tsohon Rolex kaɗan ne. Mai hali a nan in zai sayi agogo sabo yake so a kwalinsa, daga Dubai ko Makka. Sannan naka yana da zinariya a zoben fuskarsa da tsakiyar sarƙa, kuma da yawa cikin alhazanmu ba za su ɗaura ba saboda hanin sa zinariya ga maza. In ka cire waɗannan, mutum nawa suka rage daga Birni zuwa Zango? Kuma duk sun san juna. Agogo in ya zaga hannu 4 ko 5, gari ya ɗauka cewa gidan wane sun matsu, daga nan kowa ƙasa zai yi da tayi yana jiran ka gaji. Ɗan kasuwar Kano kuwa ba don ya ɗaura yake saye ba. Yana da inda zai kai, Legas ko Dubai, ya san abin da za a ba shi can, shi ya sa yake iya ba ka abin kirki. Yamai ma akwai masu saye, amma wajen kilomita 900 ce, ga Kano a bakin ƙofa.

Dillali na da ranarsa, ban hana ba: in Seiko 5 ne ko Orient ko tsohon Rado, ba shi, ya ci la'adarsa ka huta, kuɗin ba su kai na mota ba.

Wani zai ce ka kai wa maƙeran zinariya. Kada ka soma. Su sikeli suka sani, zinariyar da ke jikin agogon nan kuwa ba ta da nauyin a zo a gani. Darajarsa na cikin sunan da injin da kasancewar komai nasa na asali ne.

Kafin ka tashi, ka buɗe akwatin Baba da adakar iyayenku mata ka bincika sosai. Kwalin agogon, takardar garanti mai ɗauke da lambarsa, rasiɗin shagon da aka saya, gaɓoɓin sarƙa da aka taɓa ragewa, duk kuɗi ne. Namu takardar ta ɓace, kuma na ji a jikina. Amma in babu, babu ke nan. Akwai masu sayar da kwali da kati na jabu suna cewa zai ɗaga maka farashi. Ɗan kasuwar da ya san aikinsa zai gane, kuma da zarar ya kama ƙarya ɗaya, agogon gaba ɗaya ya shiga zargi.

Kada ka kai a goge maka shi don ya yi ƙyalli. Injin gogewa cin ƙarfe yake yi, yana dasashe kusurwoyin, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Masu saye sun fi son ƙarzunan shekaru a kan ƙyallin da aka yi jiya. Haka nan kada a canza gilashi ko fuska ko hannuwa, ko da sun dushe. Kuma don Allah kada ka bari mai gyara na bakin titi ya buɗe bayan da ƙusa da guduma. Na taɓa ganin wani da aka yi wa haka, haƙoran murfin duk sun lotse.

Ka san kuɗin kayanka tun daga gida. Akwai kasuwar agogo ta intanet mai suna Chrono24, ta Jamus. Ka rubuta lambar samfurinka za ka ga yadda ake sa wa irinsa kuɗi da yuro, ka ninka da 656 ka sami sefa. Sai dai wannan kuɗin da mai shago ke nema ne a Turai, bayan ya yi wa agogon wanki da gyara ya ba da garanti. Kai ƙasa da haka za a ba ka, kuma ba zalunci ba ne, shi ma mai sayen riba yake nema. Kada kuma ka riƙe kuɗin da na samu a matsayin ma'auni. Na yi dace ne na sayar a farkon 2022, lokacin da farashin tsofaffin agogunan Rolex ya kai ƙololuwa a duniya, daga baya ya sauko.

Ba ka tambayi wannan ba amma sai na faɗa, don macuta sun yi yawa a harkar nan. Akwai wanda zai duba ya yi tsaki ya ce jabu ne, sannan ya ce zai taimake ka da ɗan wani abu saboda maraici. In jabu ne me zai yi da shi? Ka ɗauki abinka ka fita. Akwai mai cewa bari ya shiga ciki ya nuna wa maigidansa. A ƴan mintocin nan ake musanya sarƙa, wani lokacin har inji, a sa na banza a rufe. In maigida na son gani ya fito, ko ku shiga tare. Akwai na Facebook da WhatsApp da zai ce yana Faransa ko Dubai, ya amince da kuɗin ba tare da ciniki ba, ya turo hoton takardar banki ya ce ka aika da kaya. Wanda bai nemi ragi ba, bai yi niyyar biya ba. Akwai kuma saƙon shigar kuɗi na bogi a waya. Ba ka sallama sai ka ga kuɗi a asusunka da idonka, ko ka ƙirga su a hannu. Kafin alƙalami da "sauran sai mako mai zuwa" ma ka ƙi. Malamai da yawa na cewa abin da ke da zinariya hannu da hannu ake cinikinsa, ka ga ko ta wannan fuskar kana da hujjar ƙin bashi, ka tambayi malaminku ya ƙara maka bayani.

Ku yanke ciniki da sefa ko da dalar Amurka. In dole sai naira, to ka wuce Wapa, kasuwar ƴan canji ta Kano, a ranar ka canza, kada ta kwana a hannunka, ka ga dai irin faɗuwar da ta yi tun 2023. Kuma kada ka ɗauko miliyoyi a jaka ka hau motar haya. Ƴan canji da yawa na da abokan hulɗa a nan gida, sai ka bi ta wanda wani babba naka ya sani ya kuma tsaya masa.

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka ɗauki ɗaya daga cikin magada, in da hali wanda ba ɗakinku ɗaya ba, ya ji tayi da kunnensa ya ga kuɗi da idonsa. Ni ƙanena na ɗakin amaryar Baba ya bi mu, kuma shi ya sa har yau ba wanda ya taɓa ce mini uffan a kan kuɗin nan. Ku riƙe takardar da ke nuna agogon na gado ne kuma magada sun wakilta ka, ko daga wurin alƙali ko wadda mai unguwa ya sa wa hannu, saboda ƴan duwan a iyaka da kuma mai sayen, don ɗan kasuwar kirki yana tsoron kayan sata. In an gama ciniki a rubuta takarda mai lambar agogon da kuɗin da kwanan wata, kowa ya sa hannu, ka riƙe kwafi.

Yau da dare ka ƙirga gaɓoɓin sarƙar ka rubuta, ka ɗauki hoton agogon gaba da baya da maƙullin sarƙa. In za ka sa hoton a zauren nan ka rufe lambar agogon, don masu yin jabu na kwafe ta. Ka turo mini ta gefe in duba, in kun sa ranar tafiya kuma ka faɗa mini da wuri, zan kira kawuna ya haɗa ku da dattijon nan.